Tsarabar Ɗalibi

Al'ada ce tun ta kaka da kakanni, in mutum ya yi tafiya ya komo, ba ya shiga gida hannu rabbana. Fataken da su ke zuwa Gwanja su kan komo da goro, alhazai su kan komo da zamzam da dabino, ko wanda ya je cin kasuwar ƙauye ma ya kan riƙo wa yara rake ko ƙuliƙuli. Wannan shi mu ke kira tsaraba, kuma ba tsadarta a ke dubawa ba. Abin da ke faranta ran mutanen gida shi ne shaidar da ta ke bayarwa, cewa matafiyi yana can nesa amma bai mance da su ba.

To, akwai wani matafiyi wanda tsarabarsa ke da wuyar ganewa, watau ɗalibin da ya tafi neman ilmi ƙasashen Turai. Ya kan yi shekara biyu, ko uku, ko biyar, in an yi hutu ya shiga jirgin ƙasa ya zaga garuruwa, ya ga abubuwan da iyayensa ba su taɓa jin ko sunansu ba. Ran da ya komo za a ga akwati, a ga takardar shaida, watakila a ga agogo da kwat. Amma waɗannan duka kuɗi na sayensu ko jarrabawa ta ba da su. Tambayar da mu ke so mu yi nazari a kanta ita ce: mene ne tafiyar kanta ta ƙara masa, kuma mene ne haƙƙin waɗanda ya bari a gida cikin abin da ya gano?

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, gaskiya ne kuwa. Sai dai mu lura, aikin mabuɗi buɗe ƙofa kaɗai ne. Shiga ɗakin, da duba kayan da ke ciki, da zaɓen wanda ya kamata a ɗauka, duk aikin mai riƙe da mabuɗin ne. Mutum biyu sai su shiga jirgi ɗaya, su sauka gari ɗaya, su zauna aji ɗaya, ɗaya ya komo da hankali, ɗaya ya komo da girman kai.

Yawon ɗalibai ba sabon abu ba ne a Turai. Jami'ar Bolonya ta ƙasar Italiya, wadda a ke lissafin farkonta daga 1088, tun can da ɗalibai baƙi ta cika, daga Jamus da Faransa da Ingila da Sifen. Da ƙafa ko bisa doki su ke zuwa, su ƙetare duwatsu masu ƙanƙara, 'yan fashi na tare su a hanya, masu masauki na cutarsu. Har ya kai ga in wani ɗan ƙasarsu ya ci bashi ya gudu, sai a kama ɗalibin da bai san hawa ba bai san sauka ba, a ce shi zai biya. Saboda haka a wajen 1155 Sarki Firedarik na ɗaya, wanda a ke yi wa laƙabi da Mai Jan Gemu, ya kafa doka ta kare waɗanda suka bar gida don neman ilmi, ya hana a kama su a kan bashin wani. Daga baya aka yi wani malami ɗan ƙasar Holan mai suna Erasmus, wanda ya yi karatu a Faris, ya zauna Ingila da Italiya, ya rasu a birnin Basel a 1536. Da sunansa aka kira shirin da ƙasashen Turai suka kafa a 1987, wanda ke taimakon ɗalibi ya bar jami'arsa ya je ta wata ƙasa ya yi 'yan watanni.

A yau wahalar hanya ta ragu ƙwarai. Tun 1972 a ke sayar da wani tikiti guda wanda mutum zai riƙa shiga jiragen ƙasa na ƙasashe dabam-dabam da shi. A 1985 aka ƙulla yarjejeniya a wani ƙauye na ƙasar Luksambog mai suna Shengen, ta fara aiki a 1995, wadda ta sa galibi mutum ya kan wuce daga wannan ƙasa zuwa waccan ba a tsai da shi a kan iyaka ba. A 1994 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa, tsawonta kimanin kilomita 50, har tafiyar Landan zuwa Faris ta komo ƙasa da awa uku. Ɗalibi sai ya karya kumallo a wannan babban birni, ya ci abincin rana a wancan, ya ɗauki hoto da wayarsa ya aiko gida nan take.

Wannan sauƙi alheri ne, amma ya zo da tarkonsa. Mutum na iya taka ƙasa goma cikin mako biyu, ya iya jera sunayen birane kamar mai karanta jadawalin tasha, alhali bai zauna da mutum ɗaya ya ji damuwarsa ba. Sai ya ɗauka ya san Turai, shi kuwa tashoshinta kaɗai ya sani. Don mu gane bambancin ganin wuri da saninsa, bari mu duba labarin wani ɗalibi na gaske wanda ya bar mana abin da ya gani a rubuce.

Sunansa Rifa'a Ɗahɗawi. An haife shi a 1801 a garin Ɗahɗa, kudancin Masar, ya yi karatu a Azhar ta Alƙahira. A 1826 mai mulkin Masar, Muhammadu Ali Basha, ya tura samari kimanin 40 zuwa Faris su koyo ilmin soja da likita da injiniya da sha'anin mulki. Ba a matsayin ɗalibi aka sa Rifa'a cikinsu ba, limami aka naɗa shi, ya riƙa ba su salla yana yi musu wa'azi. Amma malaminsa, Shehu Hasan al-Aɗɗar, ya hore shi da ya rubuta duk abin da ya gani. Shi kuma bai tsaya ga limanci kaɗai ba, ya duƙufa koyon Faransanci har ya ƙware wajen fassara. Ya yi shekara biyar, ya komo a 1831, aka buga littafinsa a 1834. Ma'anar sunan littafin da Hausa ita ce tace zinariya wajen taƙaita labarin Faris. A riƙe kalmar nan ta tacewa, don ita ce gindin maganarmu.

Da jirginsu ya tsaya a Marsiliya, bakin tekun Faransa, sai aka killace su kwana 18 don gudun annoba. Nan ya fara ganin abin da bai saba ba: cin abinci a kan tebur, kowa bisa kujerarsa, kowa da farantinsa da wuƙa da cokali mai yatsu. Bayan an sallame su ya shiga wani gidan shan gahawa, ya ga wurin ya miƙe ba iyaka, cike maƙil da mutane, wasu na tsaye wasu na zaune. Sai can ya lura da siffarsa da ta abokansa cikin taron, sa'an nan ya gane ashe madubai ne aka jera a bango, ɗakin kuwa ƙarami ne.

Abin da ya sami Rifa'a a wannan ɗaki yana samun kowane baƙo, ko da ba madubi a bango. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Yawancin abin da mutum ke gani a kwanakinsa na farko a baƙuwar ƙasa, abin da ya taho da shi ne cikin zuciyarsa. Wanda ya taho da kwaɗayi zai ga daula ko'ina, wanda ya taho da tsoro zai ga maƙiya ko'ina. Matakin farko na hankali shi ne mutum ya tsaya ya ce, shin wannan da na ke gani mutanen ƙasar ne, ko kuwa inuwata ce? Daga rashin yin wannan tambaya a ke samun kuskure iri biyu.

Na farko kuskuren wanda ya ruɗe. Ya ga tituna fes, fitilu ba sa ɗaukewa, jirgi na tashi a kan minti, sai ya yanke hukunci cewa kome na Turawa daidai ne, kome na gida kuwa ƙauyanci. Irin wannan in ya komo sai ka ji yana haɗa magana da harshen da tsohuwarsa ba ta ji, yana yatsina fuska ga tuwon da ya raine shi. Abin tausayi a nan shi ne, ko Turan da ya ke yabo bai fahimce ta ba. Jirgin nan da ke zuwa a kan lokaci ba don direbansa na sa kwat ya ke zuwa ba. Akwai haraji da aka biya aka kuma kashe shi inda aka ce, akwai ma'aikacin da ya fita da asuba cikin sanyi ya duba dogo, akwai mai binciken kuɗi da ba a saye shi da goro, akwai jarida da za ta tona asiri in an yi sakaci. Waɗannan ba sa fitowa a hoto, sai wanda ya yi tambaya ke saninsu. Ruɗaɗɗen ɗalibi ya kan kwaso ɓawon ya baro ƙwayar a can.

Na biyu kuskuren wanda ya rufe idonsa. Tun kafin ya sauka ya riga ya ƙudura cewa ba wani abin kirki wurin mutanen nan. Ba ya zama sai da 'yan ƙasarsu, ba ya koyon harshe fiye da abin cin jarrabawa, ba ya shiga gidan kowa. In ya komo sai ya ce, ai mutane ne marasa gaisuwa, sai ku yini cikin jirgi ɗaya ba wanda zai ce maka sannu. Da ya yi bincike, da ya tarar a manyan biranensu shirun nan wata irin ladabi ce, watau gudun shiga sha'anin wanda bai gayyace ka ba, kuma mutumin da bai gaishe ka ba sau da yawa shi zai tsaya ya nuna maka hanya in ka ɓata. Irin wannan ɗalibi ya sha wahalar tafiya a banza, ya tafi da rijiyarsa ya komo da ita, kamar kifin da bai taɓa jin labarin kogi ba.

Dubi yadda Rifa'a ya bi tsakanin waɗannan ramuka biyu. Ya ga yadda a ke yayyafa wa filayen Faris ruwa lokacin zafi, da wata babbar ganga bisa keken doki, mai ƙananan huda a baya, ta jiƙa fili mai faɗi cikin ɗan lokaci kaɗan. Bai tsaya ga mamaki ba, sai ya ce Alƙahira ta fi Faris bukatar wannan dabara, tun da ta fi ta zafi. Ya shiga gidan wasan kwaikwayo ya tarar ana koya wa jama'a halin kirki ta hanyar raha, ya faɗi haka ko da ya ke ya san wasu a gida za su yi tsammanin shashanci ne. Ya yaba musu son aiki, da tsabtar gida, da yawan karatun jarida, da asibitoci, da ɗakunan ajiye littattafai. Ya fassara dokar tsarin mulkinsu zuwa Larabci, ya bayyana wa mutanensa cewa abin da Faransawa ke kira 'yanci ya yi daidai da abin da su suka sani da sunan adalci da insafi. Ka ga bai kawo baƙon abu ya jibge musu ba, sai da ya nemo masa suna a cikin gida. Duk da haka bai ɓoye abin da bai gamshe shi ba: ya ce ba su kai Larabawa kyauta ba, ya kuma ƙi bin waɗansu malamansu da suka dogara ga hankali kaɗai cikin al'amuran addini.

Yana can a 1830 mutanen Faris suka yi tawaye na kwana uku cikin watan Yuli, suka kori Sarki Sharl na goma saboda ya taka dokar ƙasa ya danne jaridu. A wannan wata kuma sojojin Faransa suka ci birnin Aljiyas, farkon mulkin mallakar da ya daɗe har 1962. Ƙasa ɗaya, wata ɗaya, tana neman 'yanci a gida tana ƙwace na wasu a waje. Rifa'a ya ambaci al'amuran nan biyu cikin littafinsa. Wanda ya ruɗe zai ga na farko kaɗai, wanda ya rufe ido zai ga na biyu kaɗai. Mai adalci dole ya riƙe duka biyun, ko da sun yi masa nauyi.

Haka ɗalibin yau zai yi ta cin karo da irin wannan. Zai shiga babban gidan kayan tarihi na Landan kyauta, ya ga an adana kayan duniya da kulawa, sa'an nan ya tarar da kayan tagulla na Binin waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Zai je Sitarasbog, birnin da ya yi ta sauya hannu tsakanin Faransa da Jamus, a 1871 da 1918 da kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga yau ƙaramin jirgin cikin gari na ƙetare kogin Rayin yana kai mutane cefane ɗaya gefen. In ya matsa zuwa Bardan, inda aka kashe kimanin mutum 300,000 a yaƙin 1916, zai ga kaburbura jere iyakar ganinsa. A nan zai koyi abu biyu da ba a koyarwa a aji: yawan ilmi bai hana mutane hallaka junansu ba, kuma gaba kome tsufanta tana iya mutuwa in shugabanni da talakawa sun gaji da ita. Zai ga tsofaffi na karɓar fensho da magani, ya kuma ji cewa kaɗaici ya dami mutane har gwamnatin Ingila ta ɗora wa wata minista kula da matsalar a 2018. Sai ya tuna da zauren gidansu, inda tsoho ba ya cin abinci shi kaɗai, ya san darajar abin da a da bai ɗauke shi a bakin kome ba.

Nan ne babbar ribar tafiya ta ke. Wanda bai taɓa barin gida ba ya kan ɗauka al'adar garinsu ita ce dokar duniya. Ɗalibin da ya ga rana ta faɗi wajen ƙarfe 4 na yamma a Landan cikin Disamba, ya kuma ga ta kai bayan ƙarfe 9 na dare ba ta faɗi ba cikin Yuni, ya san ko tsawon yini ma ba ɗaya ba ne ko'ina. Daga nan zai fara rarrabe abin da ke canzawa daga wuri zuwa wuri, kamar tufafi da abinci da yadda a ke gaisuwa, da abin da ba ya canzawa, kamar kyawun gaskiya da munin zalunci, da cika alkawari, da tausayin mai rauni. Na farkon abincin wani gubar wani ne, ba abin faɗa ba. Na biyun kuwa in ya same shi wurin baƙo sai ya karɓa ba kunya, in ya rasa shi a gida sai ya faɗa ba tsoro.

Akwai wani gwaji mai ɗaci da ya kamata a ambata. Ba kowane baƙo a ke karɓa hannu bibbiyu ba. A shekarun 1950 ɗalibai baƙar fata da yawa sun sha neman ɗakin haya a Landan ana rufe musu ƙofa saboda launinsu, har sai da aka kafa dokar hana wannan wariya wajen haya da aiki a 1968. Doka ta rage abin, amma ba ta wanke zukata duka ba. To, in an wulakanta ɗalibi, yaya zai yi? Haƙƙinsa ne ya ƙi yarda, ya kai ƙara inda a ke kaiwa. Abin da bai kamace shi ba shi ne ya ce dukansu haka su ke. Wanda ya rufe masa ƙofa laifinsa ke nan, ya yi wa mutum ɗaya hukunci da abin da ya ke zato game da jinsi duka. In shi ma ya rama da irin wannan awo, ya zama almajirin wanda ya zalunce shi, ya kuma ci amanar malamin da ya zauna da shi bayan an tashi aji, da maƙwabciyar da ta kawo masa bargo ran da sanyi ya tsananta.

Wani zai ce, in dai hankali ne abin nema, ai ba sai an yi tafiya ba. Akwai ƙamshin gaskiya cikin wannan magana. Babban malamin falsafa na Jamus, Imanuwel Kant, wanda aka haifa a 1724 ya rasu a 1804, kusan duk rayuwarsa a garin haihuwarsa ya yi ta, bai taɓa yin nisa da shi ba, amma har yau ana karanta littattafansa a jami'o'in duniya. Mu ma mun san dattawan da ba su taɓa ganin teku ba, amma in suka yanke shawara ba mai ƙarawa. Sai dai labarin Kant yana da sauran bayani. Ya koyar da labarin ƙasa daga abin da ya karanta na matafiya, ya kuma rubuta maganganun raini game da mutanen Afirka, waɗanda bai taɓa zuwa ƙasarsu ba. Ashe kaifin hankali bai tsare shi daga ƙaryar da ya ji daga nesa ba. Gani ya kori ji, amma fa ganin da aka haɗa da tambaya da haƙuri.

Saura maganar haƙƙi. Kuɗin da aka kashe wa Rifa'a da abokansa daga baitulmalin Masar ya fito, watau daga gumin manoman bakin Nilu waɗanda ba su san inda Faris ta ke ba. Haka abin ya ke ga yawancin ɗalibai: ko gwamnati ta biya da harajin talakawa, ko uba ya sayar da gona, ko uwa ta sayar da abin wuyanta. Ko wanda Turawa suka ɗauki nauyinsa, ai wani malamin firamare ne ya fara koya masa baƙi da wasali. Saboda haka abin da ya gano ba nasa ba ne shi kaɗai. Rifa'a ya san da wannan. Da ya komo ya shugabanci makarantar harsuna da aka buɗe a Alƙahira a 1835, shi da almajiransa suka mai da littattafai masu yawa na tarihi da labarin ƙasa da doka da kimiyya zuwa Larabci, don wanda bai je ba ya sami rabonsa. A ƙarshen rayuwarsa ya rubuta littafi yana kira a ilmantar da 'ya'ya mata kamar yadda a ke ilmantar da maza. Ya rasu a 1873.

Mu ma muna da namu misalin. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je sashen koyon aikin malanta na Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946. Makaranta ɗaya suka shiga, dukansu kuma suka komo da ra'ayin cewa mulkin En'e na bukatar gyara. Malam Abubakar ya kawo maganar gaban Majalisar Arewa a 1950, yana neman a gyara sannu a hankali. Malam Aminu ya ga sannu ba za ta yi ba, ya bi hanyar tada talakawa su nemi haƙƙinsu. Sun saɓa a kan hanya, amma ba wanda ya komo yana ƙyamar mutanensa, ba kuma wanda ya ajiye abin da ya gano cikin akwati.

To, yaya wanda ya gama karatu ya zauna can bai komo ba? Kada mu yi saurin zaginsa. Wani ya koyi aikin da ba kayan yinsa a gida, wani ya komo ya yi ta yawo da takarda ba wanda ya dube shi. Tsaraba ana iya aiko ta: akwai mai aiko da kuɗin makarantar ƙannensa, akwai likitan da ke zuwa lokacin hutunsa ya yi wa marasa lafiya aiki, akwai mai rubuta littafi da harshen gida. Abin zargi shi ne mantuwa, mutum ya haye ya janye tsani. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mutanen gida su ma da nasu nauyin, domin tsaraba sai da mai karɓa. Rifa'a kansa bai tsira ba: da mulki ya sauya hannu a Masar aka rufe makarantarsa, aka tura shi Hartum a 1850, bai komo ba sai 1854. Sau da yawa ɗalibi ya kan komo da niyya mai kyau, sai ya tarar da mutane iri biyu. Waɗansu su durƙusa masa, kome ya faɗa su ce haka ne, har su lalata shi da fadanci. Waɗansu kuwa da ya buɗe baki su ce, ga Baturen gida nan ya zo zai koya mana zaman duniya. Duka biyu asara ce. Hatsin da aka kawo daga gona ba a zuba shi tukunya da ƙaiƙayinsa, ba a kuma zubar da shi don yana da ƙaiƙayi. Sussuka a ke yi, a sheƙe, a surfa, a bakace.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in ɗanka ko ƙanenka ko ɗan maƙwabcinka ya komo daga karatun Turai, bayan an yi barka da sauka an ci an sha, ka zaunar da shi ka tambaye shi. Ka ce, me ka gani can wanda ya fi namu, kuma ta yaya suka same shi? Me ka gani wanda namu ya fi, har ka yi kewarsa? Wa ya yi maka alheri, kai kuma wa ka yi wa? Cikin abin da ka koyo, wanne ne za mu iya somawa a garin nan da abin da ke hannunmu bana? In ya amsa da natsuwa, bai kumbura ba bai kuma yi zagi ba, to, kuɗin da aka kashe bai faɗi ƙasa banza ba.

Kai ma da ka yi yaƙi da jahilci har ka iya karanta wannan shafi, ka sani ka shiga sahun matafiya. Jarida da littafi da rediyo da wayar hannu kullum suna kawo maka labarin ƙasashen da ƙafarka ba ta taka ba, mai kyau da marar kyau a cakuɗe. Faifan da mu ke so ɗalibi ya riƙe a Faris, shi ne kai ma za ka riƙe a zaurenka. Allah Ya ba mu ikon bakacewa.